Surukin Alhaji Seini Kifi Ne

Alhaji Seini ya tura wayarsa gaban Khalidu, kusa da kwanon dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi.

"Wannan kai ne?"

A hoton, wani ƙaton kifin shak ne mai ƙafafu biyu yake ɗaga hannu. Saura kaɗan a sa ranar auren Khalidu da Kausara, 'yar Alhajin, ga shi asirin rigar kifin da yake ɓoyewa a ɗakinsa na unguwar Dichemso ya tonu.

"Ni ne, Baba. Ƙungiya gare mu a intanet, kowa yana zaɓar dabbar da yake jin ita ce shi, ya ɗinka kayanta. A wasu tsibirai ma shak ne mai tsare masunta, kaka suke ɗaukarsa."

Alhaji ya janye wayarsa, ya gyara zama.

"Madalla. Mu a Nijar kada ne kan gidanmu, shi ya tsallake da kakanmu kogi. Ashe kana da asali. Na ba ka ita."

Khalidu ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu cikin kwano. Alhaji ya janye kifin.

"Mutum ba ya cin ɗan'uwansa. Shito ma, yajin nan, ka bar shi, da kifi a ciki."

Yau shekararsu uku da aure. Kullum Kausara takan soya kifi biyu ta cinye a gabansa, shi yana bin dokunu da barkono tsura.

Har yanzu bai tambayi wanda ya tura wa Baba hoton ba. Ya san dā can a wayar Kausara kaɗai hoton yake.