Ɓawon Lemo Don Baba

Tun da aka kafa dokar ɓawo, lemon zaƙi a fere yake zuwa kasuwa, fari fat. Ɓawon kuwa na masana'anta ne, can ake tatse mansa.

Barira ta tsaya gaban teburin Mudi mai lemo. Mahaifinta, Malam Haladu, wanda ya tsufa yana ferar lemo a tasha, ya daina cin abinci, ya daina gane 'ya'yansa. Abu ɗaya yake roƙo, a ba shi ɓawo ya sunsuna.

"Ko ɗan guntu ne, Malam Mudi," in ji ta. "Ba ci zai yi ba."

Mudi ya miƙo mata tafin hannunsa. "Sunsuna ki ji, 'yar'uwa. Ni da nake yini cikin lemo, ko ƙamshinsa babu a jikina. Ƙanena ya taɓa sa ɓawo a aljihu, karnukan bakin kasuwa suka kama shi. Har yau bai dawo ba."

Ba ta ce komai ba. Ta biya kantin magani, aka ba ta 'yar kwalbar tataccen man lemo.

A gida ta ɗiga a tsumma, ta kara masa a hanci. Ƙamshin da ake goge ɗakunan marasa lafiya da shi ya cika ɗakin. Tsohon ya ja numfashi, ya daɗe shiru.

"Baiwar Allah, an kawo ni asibiti ke nan?"

"E, Baba."

Ta rufe kwalbar, ta gyara masa matashi, ta fita tsakar gida ta ɗora ruwan kunu.