Kujerun Jikin Bango

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya kai ni kallon kokawa a Treichville. Mai sayar da tikiti ta nuna masa kujeru biyu a layin gaba, ya ce na jikin bango yake so. Na ɓata rai.

"Baba, daga can ba zan ga komai ba."

"Dubi tsawona," in ji shi. "In na zauna gaba, na bayana ƙeyata zai kalla."

Da aka fara, ya ɗora ni a wuyansa. Ba mu tare wa kowa ba, kuma na ga filin duka.

Na gaji tsawonsa. Har yau in zan zaɓi kujera a waya, yatsana layin ƙarshe yake nufa.