Bututun Babur Ɗin Yaya

Sodangi ya ɗaure bututun roba a mashaƙar ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, ya miƙar da bakinsa sama, don inji ya sha iska ko da ruwa ya haɗiye tayoyi. Babur ɗin na yayansa Abdulwahabu ne. Ambaliya ta rutsa da mahaifinsu a gona, can cikin fadama, inda mota ba ta shiga.

"Yaya, na liƙe ko'ina. Don Allah yi sauri."

Abdulwahabu ya tayar ya bar unguwarsu ta Gidan Igwai. Sodangi ya bi shi a kabu-kabu har bakin ruwa, ya tsaya yana addu'a.

Bayan la'asar sai ga babur ya fito, laka har wuya. Injin ban-ruwa ne ɗaure a baya.

"Ina Baba?"

"Shina can bisa rumbu, ruwa na hawa." Abdulwahabu ya share fuska. "Aikinka ya yi kyau, wallahi. Amma kai Baba yab ba gona, ni injin ga kaɗai yab ba ni. Kowa shi ɗauko nashi."

Ya zare makulli ya jefa aljihu.