Baba A-Sake

Alli ya ƙare a hannun Malama. Ta ɗauko sabo, ta rubuta jimlar a allo karo na huɗu: I would like to, wato ina so in yi kaza, cikin ladabi. Ko juyowa ba ta yi ba ta ji muryar daga bayan aji.

"Malama, a sake."

Wannan kalma ce ta sa 'yan ajin suka laƙaba masa Baba A-Sake.

Ajin ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran taya, inda ma'aikata ke zuwa koyon Turanci in sun tashi aiki da yamma. Su shida ne: direba, masinja, mai gadi, wata mai sharar asibiti, wata mai ɗinki da ba a cika jin muryarta ba, sai wannan tsoho. Ran da ya zo rajista aka tambaye shi me zai yi da Turanci a shekarunsa, ya ce matarsa ta rasu, gida ya yi masa shiru.

Malama ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Da wannan ajin take ciyar da 'ya'yanta biyu, kuma mai makarantar bai ɓoye mata ba: saura mako uku jarrabawa, in mutum huɗu ba su ci ba zai rufe ajin, ya ba mai taya ɗakin ya yi sito.

Littafin da take koyarwa da shi kwafin kwafi ne, ba bango, ta gaje shi daga malamin da ya gabace ta. Babi goma sha biyu ne, kowanne da tsarin maganarsa: yadda ake roƙo, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake tambayar hanya. Wata huɗu ke nan suna tafiyar kunkuru, ba su wuce babi na bakwai ba, kuma ta san wanda ya ja.

Abin da ya fi ba ta haushi, tsohon ba ya ma kallon allo. Fuskokin 'yan ajin yake bi da ido, sai can ya ɗaga hannu. Littafinsa kullum a rufe, amma in ta rasa inda aka tsaya, shi zai ce, "Shafi na talatin da bakwai." In ta kira shi allo, sai ya karya sabon alli gida biyu don kada ya yi ƙara, ya yi rubutu mai kyau kamar na ɗab'i, sannan ya zuba kuskuren da zai ci musu rabin awa ana warwarewa. Wata rana har ta ji shi yana gunaguni wai misalin da ke shafin bai yi ba, da an canza shi. Ta ce a ranta, kai da ba ka iya cewa Could you please, wato don Allah, ba!

Ran Litinin ta tsayar da shi a bakin ƙofa bayan kowa ya sauka.

"Baba, ka yi haƙuri. Kai zaman kaɗaici ya kawo ka, ni kuwa abincin yarana ne. Ka huta har a gama jarrabawa."

Ya cire tabaransa, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai nuna ɓacin rai ba.

"To, 'yata. Sai dai ki riƙa duban mai ɗinkin nan. In ta fara murza yatsunta, ba ta gane ba."

Ta ce to, don dai ya tafi. Ta ji takunsa yana sauka a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar aiki ya yi gudu. In ta ce an gane, kawuna biyar su gyaɗa. Ba mai katse ta, ba mai cewa a sake. Babi biyar suka cinye a mako biyu, har ta sami kwana uku na bita. Rabon da ta koma gida ba ciwon kai har ta manta.

Sakamako ya fito ran Alhamis. Direba ya ci, masinja ya ci, mai gadi ya haye da ƙyar. Mutum uku. Ta karɓi takardun matan biyu ta duba: daga babi na ɗaya zuwa na bakwai ba kuskure ko ɗaya, daga na takwas kuwa fili ne fari tas.

Mai ɗinkin ta same ta a matakala, kanta a ƙasa, tana murza yatsunta.

"Malama, tun da Baba ya tafi ban ƙara gane komai ba. Kunya ce ta hana ni faɗa. Da, kafin in rasa yadda zan yi, shi ya riga ya tambaya."

Malama ta sake duban takardun da ke hannunta.

Washegari mai makarantar ya ce ta kwashe kayan kabad, mai taya zai kawo nasa da azahar. Ta fid da tsofaffin rajistoci, guntayen alli, tsumman goge allo. Can ƙasa, ƙarƙashin wata jarida da ta yi ja, ta ga asalin littafin da ta shekara biyu tana koyarwa da kwafinsa, da bangonsa da komai.

Ta kaɗe ƙurar, ta juya bayansa. Daga ɗan hoton marubucin, gashinsa baƙi wuluk amma tabaran na nan yadda ta san shi, Baba A-Sake ne yake kallonta.