Jar Motar Ermes

Sai da Ivano ya sa zarto ya yanke kwaɗon, don makullin ya karye a ciki tun murɗawar farko. Shekara hamsin da biyu rabon da a buɗe rumfar nan ta bayan gida.

Ornella ta tsaya nesa, ta naɗe hannu a ƙirji. Ba ta zo kallo ba. Ta kira Ivano ne, bakaniken da suka yi makaranta tare, ya kwashe mata wannan abin kafin gobe, don gobe za a binne ubanta, Ermes.

Motar na nan inda aka tura ta: ja, mai kujera biyu, irin ta tsere da maƙeran birnin Modena ke buga jikinta da guduma. Tayoyi sun zube, ɓeraye sun cinye kujerar gefe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi. A gaba, kusa da fitilar dama, akwai wata 'yar lotsawa da tafin hannu zai rufe. Nan ta bugi Nevio, ƙanin Ornella, ta kashe shi yana da shekara huɗu.

Duk ƙauyen ya san labarin. Ermes ya sayo gawar motar a hannun wani ɗan tsere, ya shekara uku yana tayar da ita. Wata safiya ya fito da ita kan hanyar gona, yaron ya ɓullo daga cikin kurangar inabi a guje. Ermes ya mayar da motar rumfa, ya taka da ƙafarsa har ofishin 'yan sanda, ya ce shi ne, kuma ya sha giya. Suka zo suka leƙa lotsawar, suka rubuta, suka tafi da shi. Abokansa sun yi mamaki, mutumin da gyambon ciki ya hana shi ko kurɓar giya, amma tunda da bakinsa ya faɗa, wa zai yi musu?

Da ya fito kurkuku bai dawo gida ba. Ya tafi Genova dako a tashar jirgin ruwa. Dirce, matarsa, 'yar ƙaramar mace mai shiru, ta sa baƙaƙen kayan makoki, ta rataye makullin rumfar a wuya, ba ta ƙara shiga mota ba har ta mutu. Ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta kuma taɓa kare shi ba. Ornella ce ta ɗauki ƙiyayyar duka, ta yi ta da zuciya ɗaya, ta mayar da wasiƙunsa ba ta buɗe ba.

Yanzu ya mutu, ya bar roƙo guda: a sa shi a gurbin da ke gefen Dirce a bangon makabarta, inda ake zura akwatunan gawa jere. Gurbin na hannun Ornella. Fada Celso, limamin cocin ƙauyen, yana jiran amsarta kafin ƙarfe biyar, don masu haƙa su san inda za su nufa.

"Ke Ornella, kin san abin da kika bar wa ɓeraye kuwa?" in ji Ivano, yana shafa bonet. "Shekara biyu a hannuna, sai kin ga attajirai na kuka a kanta."

"Kai ma yi kukan, amma ka yi shi a garejinka. Fitar min da ita."

"Bakin nan naki dai tun aji ɗaya haka yake."

Ya ɗaura igiya, ya buɗe ƙofar direba don ya riƙe sitiyari. Nan wayarta ta yi ƙara, ta juya baya ta ɗauka.

"'Yata," in ji Fada, "mutum ne da ya biya laifinsa. Ki sake tunani."

"Na yi shekara hamsin ina tunani, Fada. Uwata ta sha wahalarsa a raye, ba za ta kwana kusa da shi a mace ba. Ku sa shi can ƙarshen fili, a ƙasa."

Ta kashe wayar. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji ba komai, gajiya kawai.

Da ta waiwayo, Ivano na fama da motar. Ya zura ƙafa ɗaya, gwiwarsa ta tokare sitiyari. Ya fito yana tsaki, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya ga ba ta zamiya, da noti aka ɗaure ta, can gaba ƙurewa. Ya durƙusa ya haska tocila wajen birki. Ya daɗe a haka, wasan ya bar fuskarsa.

"Wa ya taɓa motar nan bayan abin?"

"Ba wanda ya taɓa ta. Tun ranar take rufe."

"Kin tabbata?"

"Na ce maka tun ranar."

Ivano ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa. "Ermes sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci. Ni ban kai kafaɗarsa ba, ga shi na kasa zama. Zo ki gani."

Ta matso ba don tana so ba. A kan birki da kuloci da totur, an ɗaure guntayen katako masu kauri, an goge gefensu sumul, aikin mai haƙuri da ke son gajerun ƙafafu su kai. Tsatsar kusoshin ta haɗe da ƙarfen.

"Wani yake koya wa tuƙi a ranar," in ji Ivano, murya ƙasa ƙasa.

Ornella shekararta shida a lokacin, tana makaranta. Banda Ermes, babba ɗaya ce a gidan da safiyar nan, ita ce kuwa Dirce, matar da Ornella ta gama hana shi kwanciya a gefenta.