Manomin da Bai Yi Shuka Ba

Tunda ka ce ba za ka je asibiti ba don ka riga ka san abin da ke damunka, zauna in ba ka misali.

An yi wani saurayi manomi da ya yi jinyar yayansa shekara guda. Ciwon daji ne, ya fara da kumburi a wuya, kuma a hannunsa yayan ya cika. Bayan shekara biyu, ana gab da saukar ruwan shuka, sai shi ma kaluluwa ta fito masa a gefen wuya, guda uku jere kamar 'ya'yan kanya. Zazzaɓi ya riƙa kayar da shi, ga gumi, ga kasala, abinci ya fita ransa. Ya shafa wurin, ya ce a ransa ai ya san wannan hanya, ya kuma san inda take ɓullewa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauki irin gero da wake da ya adana ya raba wa maƙwabta, ya mayar wa iyayen yarinyar da yake nema maganarsu, ya koma zaure ya kwanta yana jira. Ruwa ya sauka, kowa ya fita da sungumi, gonarsa ciyawa ta cinye.

Sai da mahaifiyarsa ta tsaya a kansa tana hawaye, ta ce, "Yayanka Allah ne ya karɓa, kai kuma kana neman binne kanka da ranka," sannan ya yarda aka kai shi asibitin birni. Aka yanki ɗan ƙanƙanin nama daga wuyan aka duba. Likita ya ce ba daji ba ne, ba kuma tarin fuka ba. Wani kumburi ne da ba a cika ganinsa ba, yakan kama matasa, ya yi watanninsa ya tafi da kansa. Maganin zafi da na zazzaɓi kawai aka ba shi, aka ce ya riƙa dawowa ana dubawa.

Kafin kaka wuyansa ya sace sarai. Ranar da ya fara jin ƙarfin jikinsa ya taka har gona, ya tarar maƙwabta suna ɗaure dammunan gero, shi kuwa ko zangarniya ɗaya babu. Ya daɗe tsaye a bakin gonar. Ciwon ya ci masa wata uku, amma tsoron ya ci masa shekara.

Don haka tashi ka je a duba ka. Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane.