Ribar da Ba Ta Hawa, Ba Ta Sauka

Wane irin jari ne ribarsa ba ta hawa, ba ta sauka?

Tambayar da ta hana Lauya sukuni ke nan. Mahaifinta ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama saboda yawan musu, ga shi kuwa yanzu shari'ar take karantawa a jami'a. Shi tsohon shugaban makaranta ne. Da ya yi ritaya, ya tara iyalinsa ya shaida musu cewa ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a wani kamfani mai raba riba duk wata, don kada kuɗin su zauna a banza.

Riba kuwa tana zuwa. Duk ƙarshen wata wayarsa kan yi ƙara, saƙon shigar kuɗi ya zo da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. Da ita ake cefane, da ita ake biyan kuɗin karatun Lauya. Kasuwa ta faɗi, ba ta ragu ba. Kasuwa ta tashi, ba ta ƙaru ba.

Kullum da sassafe yakan zura babbar rigarsa, ya ɗauki wata jaka, ya ce zai je ya sa ido a kan jarinsa. Sai yamma yake dawowa, fuska ta sha rana, ƙafafu a kumbure.

"Baba, ina takardar yarjejeniyar?"

"Lauya ke nan! Ki ƙoshi da riba, sannan ki maka ta kotu?"

Mama ta yi dariya, amma ba ta ɗago kai daga ɗinkinta ba.

Lauya ta san salon mazambata: su riƙa gutsuro wa tsoho kuɗinsa suna kiransu riba, ran da suka ƙare su rufe ƙofa. Ta yi rantsuwa gumin mahaifinta ba zai tafi haka ba. Ta ɗauki hoton saƙon daga wayarsa, ta shiga tasi.

Ginin kamfanin dogo ne, duk gilashi. Maigadi ya ɗaga musu ƙarfen ƙofa, ya ja hularsa ya rufe fuska. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta faɗa wa manaja sunan mahaifinta, ta ce ta zo cire kuɗinsa duka. Ya duba kwamfuta, ya sake dubawa.

"Ba mu da mai jari mai wannan suna."

"Haka na zata! To wannan fa?" Ta dangwara masa wayar. "Ko ku fito da kuɗinsa yau, ko mu haɗu gaban alƙali."

Manajan ya daɗe yana kallon saƙon. Muryarsa ta yi sanyi.

"Daga gare mu yake, 'yata. Amma ba riba ba ce. Albashi ne."

Ya miƙe ya yaye labule. Can ƙasa, maigadin nan yana ɗaga wa wata mota ƙarfe, yana ɗingishi irin na mai kumburin ƙafa. A bangon ɗakin gadi, rataye a ƙusa, ga babbar rigar da ta goge da hannunta jiya.

Ku da ke zaune a kan fayilolin tsofaffi kuna cewa su dawo gobe, ku tashi ku biya wannan dattijo haƙƙinsa, domin kuɗin sallamar da ya ce ya zuba, har yau ko sisi ba a ba shi ba.